Baffa Yuguda, Sun Yi Mitin a Tabarmar Makokinka

Daga Allah muka fito, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Juma'a, 10 ga Oktoba, 2025, mutane na shirin tafiya masallaci, labari ya iso mana cewa Allah ya karɓi ran Malam Yuguda Hammanjoda, sakataren Ƙungiyar Gama Kai ta Gidajen Sauƙi, wanda babba da yaro a Jalingo suka fi sani da Baffa Yuguda. Ya rasu a gidansa da ke cikin rukunin gidajen ƙungiyar, kan hanyar Sunkani, bayan jinyar da ya sha tun tsakiyar damina. An yi masa sutura bayan an sauko daga Juma'a.

Baffa, ban taɓa rubuta wa kowa ta'aziyya ba, kuma da an bar ni da niyyata ta farko, addu'a kawai zan yi maka in koma gefe. Amma tun ranar da ka tafi wayoyinmu ba su huta ba. A zauren ƙungiya da ke waya, kowa ya zaƙulo hoton da ya taɓa ɗauka da kai, ya rattaba yabo a ƙasa. Na zauna na karanta su duka, sai na lura waɗanda suka fi kowa tsawon rubutu su ne waɗanda kana raye ba sa son jin ƙarar babur ɗinka a ƙofar gidansu. Wannan kaɗai da na haɗiye. Abin da suka yi ranar sadakarka ta uku shi ne ya ƙi haɗiyuwa, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ga wanda bai san mu ba, ƙungiyarmu ta ƙananan ma'aikata ce: malaman makaranta irina, ma'aikatan jinya, akawuna, direbobin ma'aikatu, mutanen da gidan haya ya gama cin mutuncinsu a Yelwa da Abbare. Muka haɗa kai muka sayi fili ɗaya babba a bayan gari, lokacin da babu komai a wurin sai ciyawa da gonakin dawa, don a yanka wa kowa fulotinsa ya gina a hankali. Akwai Musulmi, akwai Kirista, akwai Bafulatani, Mumuye, Jukun, har da waɗanda aiki ya kawo daga kudu. Tara irin wannan jama'a a kan fili ɗaya ba wasa ba ne, kuma abin da ya riƙe mu shi ne dokokin ƙungiya, da mutumin da ya tsaya a kansu.

Ba zan yi maka ƙarya don ka mutu ba, Baffa: ka gajiyar da mu da dokokin nan. Kowane babban taro sai ka karanta su da Turanci, ka maimaita da Hausa, ka juya da Fulatanci, sannan ka tayar da wani ya faɗa da Mumuye, wai kada gobe wani ya ce bai ji ba. Mu mata muna can baya muna zunɗenka, muna cewa yau ma tuwon dare ya tafi. In ka fito duba duwatsun iyaka a tsohon babur ɗinka, ko ruwa ba ka sha a gidan ɗan ƙungiya. An sha miƙa maka kunu, ka ɗaga hannu ka ce, “Useko, na gode, amma yau aiki ya kawo ni. Ran da na zo zumunci, ku cika mini kwano.” Kuma in ka zo zumuncin, kana shanye kwanon tas.

Ni kaina ta dalilinka na mallaki ɗakin da nake kwana a ciki. Ranar da na je shiga ƙungiya, wani ɗan kwamiti ya dube ni sama da ƙasa ya ce matar aure da sunan mijinta take shiga. Kana gefe kana gyara gilashinka, ka ce masa, “Nuna mini inda aka faɗi haka, in koya.” Ya yi ta buɗe shafi yana rufewa, gumi na keto masa. Da ka ga ya isa, sai ka juyo ka ce, “Bushra, albashin wa za a riƙa yanka, naki ko nasa?” Na ce nawa. Ka ce to suna ma nawa ne, ƙuri'a ma tawa ce. Daga ranar na fara kiranka Baffa, alhali ba mu haɗa jini ba.

Ranar rabon fulotai ma ba ta mantuwa. Manyan cikinmu sun so a fara ba shugabanni su zaɓa, wai don girmamawa. Ka ƙi. Ka sa aka rubuta lambobi a cikin marafen kwalaben lemo, aka zuba a ƙwarya, aka rufe da faifai, kowa ya zura hannu ya ɗauko rabonsa. Kai da ka kawo tsarin, hannunka ya faɗa kan fulotin can ƙasa, bakin kwari, inda ruwa ke kwanciya duk damina. Mutane suka ce a sake maka, ka yi dariya ka ce ƙwarya ba ta san sakatare ba. A nan ka gina, ka yi shekaru kana yaƙi da laka, a nan kuma aka fito da gawarka. Alhaji Jamil, wanda yanzu shi ne ciyaman ɗinmu, ya sami na tsakiya, ya yi ta gunaguni har aka tashi. Fulotin kwana kuwa, wato na kusurwa a bakin hanya, ya faɗa hannun Malam Andrawus, wani malamin lissafi mai sanyin hali. A lokacin ba wanda ya yi masa hassada, don hanyar burji ce, ƙura da rani, taɓo da damina.

Abu biyu zan ƙara ambata daga tsarinka, don a kansu maganata take. Na farko, ranar taro. Kai ka tsayar da Asabar bayan la'asar, ka ce Juma'a ta masu masallaci ce, Lahadi ta masu coci, kada a sa kowa ya zaɓa tsakanin Ubangijinsa da filinsa. Wannan ba a taɓa rubuta shi a doka ba, don bai taɓa zuwa ranka cewa akwai mai ƙaramar kunyar da zai taɓa shi ba. Na biyu, dokar fashin taro: duk wanda bai fara gini ba, kuma ya yi fashin babban taro sau uku a jere, fulotinsa ya koma hannun ƙungiya. Ka kawo ta ne saboda masu sayen fili su tafi Yola ko Abuja su manta da shi, ya zama gidan macizai da maɓoyar ɓarayi a tsakiyar mutane. Doka ce mai kyau, kuma duk mun ɗaga mata hannu.

Sai Allah ya ɗauki ran Malam Andrawus kafin ya ɗora ko bulo ɗaya. Ya bar matarsa, Madam Beatrice, da yara huɗu a ɗakin haya a Abbare, tana sayar da abinci a bakin wata makaranta. Bisa dokarmu ita ta gaji kujerarsa da fulotinsa, kuma ba ta taɓa fashin taro ba. Tana zuwa da wuri, ta zauna a benci na gaba, don ta san wannan filin shi ne kaɗai abin da mijinta ya bar wa 'ya'yansa. Bayan haka aka zuba wa hanyar kwalta. Dare ɗaya fulotin da ba wanda ya kula da shi ya zama amarya, masu neman wurin shaguna da gidan mai suka fara rage gudun mota in sun zo wucewa.

A nan ne tausayin Madam Beatrice ya kama Alhaji Jamil da ma'ajinmu, Mista Elias. Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa tambayar yadda take ciyar da marayu, amma rana tsaka suka gano bakin titi bai dace da gwauruwa ba: ga hayaniya, ga haɗarin mota ga yara. Suka same ka a gida, Goggo Asta matarka tana ji daga ciki, Mista Elias ya ce, “Baba, wannan mata ba zai iya gina wurin ba. Mu ba shi na baya, ya huta.” Ka tambaye su wa zai ɗauki na gaban in ta huta. Ka ce, “Abin da ƙwarya ta ba Andrawus, ba ni na ba shi ba, balle in karɓe.” Har yau ina mamakin mutanen nan biyu. A siyasar gari ba sa ga maciji, kowa na zagin addinin ɗan'uwansa a bayan ido, amma a kan filin gwauruwa sun zama uwa ɗaya uba ɗaya.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ciwo ya kwantar da kai, aka tafi da kai asibiti a wani gari, kwamiti ya rage a hannunsu. Taron watan Agusta aka mayar da shi Lahadi da safe, daidai lokacin sujada a coci, kuma sanarwar ba ta fito ba sai ana gobe. Madam Beatrice ba ta ji ba sai da aka gama. Sauran Kiristocinmu ma ba su zo ba, amma su sun riga sun yi gini, dokar ba ta kai kansu. Mista Elias, wanda aka ce dattijo ne a cocinsu, shi ya ajiye ibadarsa ya zo ya yi kiran suna. A watan Satumba ta baro coci ana tsakiyar waƙa, ta hau keke napep, ta iso ajin firamaren da muke taro ta tarar an tashi, ana tattara kujeru. Ni ina wurin. Taron da a hannunka yake kai mu magariba, ran nan an buɗe shi an rufe kafin mai shan shayi ya gama kofinsa. Muka yi magana, ciyaman ya ce doka ba ta ce Asabar ba, mu nuna masa inda ta faɗa. Wato da irin kalamanka ya zo ya yi mana ba'a.

Fashi biyu ke nan. Saura ɗaya, Lahadi 12 ga Oktoba, filin marayu ya tafi.

Da aka dawo da kai gida, na zo gaishe ka na tarar da Madam Beatrice a durƙushe a bakin ƙofar ɗakinka tana kuka. Ka rame har ba ka iya ɗaga kofi, amma muryar tana nan. Ka ce mata ta share hawayenta, ranar taro ko a kan tabarma za a ɗauke ka a kai ka, ka ga mai bakin da zai kira sunanta a gabanka ya ce ba ta nan. Ka yi niyya, Baffa, mu shaida ne. Allah bai nufa ba, ya karɓe ka saura kwana biyu.

Tun da aka fita da kai Madam Beatrice ba ta bar gidanka ba. Ita ce a murhu, ita ce a wanke-wanke, ita ke lallashin Goggo Asta ta sa wani abu a cikinta. Sai ranar Lahadi da sassafe ta fita ta leƙa ajin firamaren nan, ta ga ƙofa a kulle, ta ce ashe dai akwai sauran kunya a duniya, an fasa taro saboda rasuwa. Ta dawo ta ɗora tukunyar kunun gyaɗa na sadakar uku, wanda aka yi ta fitarwa ana rabawa maza a waje.

Kowa ya san yadda zaman makoki yake a wurinmu. Maza suna ƙofar gida a kan tabarmi da ƙarƙashin kanofi, mata suna ciki, ba mai ƙetare zaure. Don mu ma mu sami ladan amin, aka ɗaura lasifika a kan katanga aka juyo da bakinta cikin gida. Liman ya yi addu'a, muka shafa. Sai muka ji an miƙa wa ciyaman makirfo ya yi jawabi a madadin ƙungiya, shi kuwa mutum ne da in ya riƙe makirfo sai an ɓamɓare shi daga hannunsa. Ya ce an yi rashin uba, an yi rashin bango. Muryarsa har rawa take yi, wata baƙuwa kusa da ni ta ce Allah sarki, bawan Allahn nan ya ji mutuwar nan.

Can sai muryar ta daina rawa. Ya ce marigayi mutum ne mai son doka, kuma babu karramawar da ta fi a cika abin da yake so. Yau ranar taro ce, ga 'yan ƙungiya Allah ya tara fiye da kullum, don haka ya buɗe taro a nan, ma'aji ya yi kiran suna a gurguje. Baffa, a ƙofar gidanka, a kan tabarmar da aka shimfiɗa don nema maka gafara, ƙasar kabarinka ko bushewa ba ta yi ba. Sun yi lissafinsu daidai: mace ba za ta fito cikin maza a wurin makoki ba, ga shaidu cike da kanofi za su ji an kira ba a amsa ba. Abin da suka manta shi ne inda bakin lasifikar yake kallo.

Muna jin Mista Elias yana jero sunaye, maza na amsawa a sanyaye, wasu ko amsawar ba su yi ba. Ya kira nawa, ya wuce. Da ya zo kan nata sai ya rage sauri, ya kira shi dalla-dalla don kowa ya ji: Beatrice Andrawus. Tana tsaye a bakin murhu da ludayi a hannu, ta kasa motsi, idonta ya kawo ruwa. Ya kira na biyu.

Goggo Asta, wadda tun Juma'a ba a ji maganarta ba sai tasbihi, ta miƙe daga tabarmar takabarta. Ta taka har murhu, ta kama wuyan hannun Madam Beatrice ta ce, “Taso.” Ta ja ta ta cikin mata har bakin zaure, iyakar inda mai takaba za ta iya kaiwa, ta tsaya daga bayan ƙyaure ta tura ta waje. Mu matan ƙungiya muka yafa mayafanmu muka bi bayanta.

Ana kiran na uku ta bayyana a ƙofa, zani duk toka, ludayin na hannunta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Ina nan. Tun ran Juma'a ina nan gidan. Kunun da yana hannunka, Ciyaman, ni ne na dama.”

Kofin kuwa yana hannunsa na hagu, ya sha rabi. Na ga mutane cikin kunya iri-iri a rayuwata, amma ban taɓa ganin babban mutum da babbar riga ya rasa inda zai ajiye kofi ba sai ran nan. Daga bayan ƙyaure Goggo Asta ta ce, “A rubuta ta zo. In an rubuta, a naɗe mini tabarmina.” Mista Elias ya rubuta, idon jama'a a kansa. Liman ya tashi ya kaɗe rigarsa ya ce shi addu'a aka gayyace shi, kuma an shafa Fatiha. Kafin ka ce kwabo kanofi ya watse, aka bar shugabanninmu biyu da makirfo.

Ba wanda ya yaudari kansa cewa sun tuba. Mai hali ba ya fasa halinsa, kuma mun san za su sake fara ƙirga wa Madam Beatrice fashi daga ɗaya, su jira ranar da ɗanta zai kwanta ciwo. Shi ya sa Asabar da ta biyo baya, bayan la'asar, ba tare da sanarwar kowa ba, muka haɗu a fulotin kwana. Wannan ya zo da diga, wancan da shebur, wani ya turo bulo a baro daga ragowar gininsa, mu mata muka yi ta jigilar ruwa. Matasan da suka haƙa maka kabari su suka haƙa mata harsashi, babban ɗanka Sirajuddeen a gabansu. Kafin magariba bulo ya hau layi, fili ya zama wanda aka fara gini a kansa, dokar fashi ba ta da sauran hanya zuwa gare shi. Muna cikin aiki motar ciyaman ta zo wucewa ta rage gudu, kamar yadda ta saba yi a daidai wurin. Da ya ga ko su waye a cikin ramin, sai gilashi ya tashi sama.

Ya Allah, ga bawanka Yuguda ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka sa jinyar da ya sha ta zama kaffara. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi. Ya tsaya wa marayu su sami inda za su sa haƙarƙarinsu a duniya, Ka ba shi gida a Aljanna Firdausi, a inda ruwa ba ya kwanciya. Mu da muka rage, Ka kyautata namu ƙarshen.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Goggo Asta, Allah ya ba ki haƙuri, ya saka miki da abin da kika yi a bakin zaure. Ina yi wa Sirajuddeen da Hamna da sauran 'ya'ya da jikoki, Allah ya albarkaci bayansa. Ina yi wa Madam Beatrice da yaranta, waɗanda suka yi maraici karo na biyu. Ina yi wa duk ɗan ƙungiyar da ya taɓa zunɗen Baffa saboda tsawon karatun doka, yau kuma yake neman mai karanta masa ita ya rasa.

Alhaji Jamil da Mista Elias kuwa, na ga sunayenku a sahun gaba na masu karɓar gaisuwa a madadin ƙungiya. Ku yi haƙuri, tawa ba za ta iso ku ba. Ta'aziyya ana yi wa wanda ya yi rashi ne.

Bushra Siddiq
Rukunin Gidajen Sauƙi, Jalingo